Zaman Iya a Kan 'Yar Tsugunno



A taron ƙungiyarmu na watan jiya wata 'yar'uwa ta karanta mana gajeren labarinta, na ƙirga "ya zauna" da "ta zauna" har sau tara a shafi uku. Ban ce uffan ba, kuma gara da ban ce ba, domin da na koma gida na buɗe nawa rubutun sai na tarar na fi ta laifi. Mutanen labaraina duk zama iri ɗaya suke yi. Su shigo, su yi sallama, su samu ɗaya daga cikin kujerun falo su zauna, sai magana ta fara. Attajiri da wanda ya zo neman rance, uwar miji da amaryar jiya, ba ka bambance su sai sun buɗe baki. Abin ya yi mini ciwo ne saboda na fi kowa sanin cewa ba haka mutane ke zama ba. Na shafe fiye da shekara ina fama da zaman mutum ɗaya tak, da fensir da takarda, kuma har yau ban gama ba.

Mutumin nan kakata ce, wadda ta haifi babanmu. Iya muke ce mata, ita kuwa maigida take ce mini tun ina goye. Gidanmu yana cikin garin Daura, 'yar tafiya kaɗan a ƙasa zuwa rijiyar Kusugu. Tun da na yi wayo, in dai hantsi ya yi, wuri ɗaya ake samun Iya: ƙofar ɗakinta, gindin bedi, a kan wata kujera 'yar tsugunno da tsayinta bai fi taƙi guda ba, wadda zama ya goge har tana sheƙi. Fura take yi ta sayarwa. Daka da kirɓi sun daɗe da komawa hannun jikoki mata, amma curi ba ta yarda kowa ya taɓa mata. Ƙwarya a tsakanin ƙafafunta, faifan gari a dama, tana curawa tana birkiɗawa a gari tana jerawa, bakinta kuma bai fasa aiken duk wanda ya gifta ba.

Iya ba ta yarda da hoto. A duniya hotonta ɗaya ne, na katin zaɓe, shi ma ta tsuke fuska kamar wadda aka kai ƙara gaban alƙali. Ko a gidan biki ne, da zarar wani ya ɗaga waya sai ta ja mayafi ta ba shi ƙeya. Na taɓa tambayar ta dalili, ina zaton maganar addini za ta kawo mini. Ta ce, "Ni ba za a riƙa yawo da ni a aljihu ba." Iyakar hujjarta ke nan, kuma ba a samu wanda ya karya ta ba.

Na gama difloma a fannin zanen gine-gine a 2023, na dawo gida ina jiran abin da Allah zai yi. A makaranta an koya mana zanen hannu, amma na bokiti da tulu da kusurwar ɗaki. Mutum kuwa sai 'yan ƙananan nan da ake tsayarwa a gaban gini don a gane girmansa, kuma duk a tsaye suke ƙyam. Ƙa'ida ɗaya na fito da ita game da jikin ɗan Adam: kai shi ne mudu. Baligi a tsaye tsayinsa kamar kansa bakwai da rabi ne, masu son sauƙin lissafi su ce takwas. Huɗu daga tsakar ka zuwa inda cinyoyi suka rabu, biyu cinya, biyu daga gwiwa zuwa ƙasa. Da ɗan wannan ilimin na tunkari Iya a bazarar 2024 na ce zan zana ta. Ta yarda nan take. Daga baya ta faɗa mini dalili: ta tabbata ba zan iya ba.

Ta kuwa yi gaskiya. Na yi awa guda ina gumi, na miƙa mata. Ta karɓa da hannun gari, ta nisanta takardar da idonta, ta karkata ta, ta ce, "Maigida, wannan ni ce ko kwaɗo?" Yaran gidan suka fashe da dariya. Ta ƙara da cewa, "In haka kake ganina, gara ka ba ni takardata in tafi gidanmu."

Na daɗe ina kallon kwaɗon nan da daddare. Daga ƙugu zuwa sama ba laifi, ɓarnar tana ƙasa. Ashe mudun da na zo da shi na mai tsayuwa ne. Da zarar mutum ya zauna a kujera yana fuskantar ka, cinyar nan mai tsawon kai biyu sai ta tunkaro idonka ta gajarce, ba abin da kake gani nata sai ƙoƙon gwiwa da ɗan abin da ke leƙowa a bayansa. Takwas ta koma shida. To amma ƙwaƙwalwa ta san cinya doguwa ce, kuma ba ta yarda a tauye mata sani. Ido yana cewa gajere, hannu yana jan dogo. Tun da babu inda za ka kai tsawon, sai ka baje cinyoyin hagu da dama don su samu wurin miƙewa. Ka ga kwaɗo ya fito.

Wannan ma a kujerar bature ke nan, mai tsayin gwiwa, inda cinya ke kwanciya a miƙe. 'Yar tsugunno ta fi haka wuya. Mazaunai suna ƙasa da gwiwa, saboda haka cinya hawa take yi, gwiwoyi su taso kusan ƙirji, baya ya lanƙwashe, hannuwa su sauka ta tsakanin gwiwoyin zuwa cikin ƙwarya. Da na auna Iya, duk jikinta a zaune bai cika kai biyar ba. Ƙafar da ta fi kusa da ni kuwa, in ina zaune a ƙasa kusa da ita, sai ta ga kamar ta kai girman kanta. Na bi misalai da yawa a intanet, kusan duk waɗanda na gani a kan kujera mai jingina suke, ko kushin, ko dogon benci. Ban ci karo da tsohuwa mai curin fura ba.

Abin da ya fara buɗe mini ido wani atisaye ne na wata malamar zane 'yar Amurka, Betty Edwards, a littafinta da ya fito a 1979. Takan ba ɗalibi zanen da Picasso ya yi wa mai tsara kiɗan nan Igor Stravinsky a 1920, yana zaune a kujera ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ya haɗa hannuwa, ta ce ya kifa zanen, kai a ƙasa ƙafa a sama, ya kwafa a haka. Na yi dariya da na ji, amma na gwada. Wallahi abin da na kwafa a kife ya fi duk abin da na taɓa yi a miƙe. Dalilin ba sihiri ba ne. In hoto ya kife, ƙwaƙwalwa ba ta saurin cewa "ga cinya, ga hannu", balle ta kawo maka tata cinyar da ta haddace. Sai dai ta ga layi ya karkata haka, ya haɗu da wani a can. Dole ka kalla.

Iya dai ba za ta kifu ba, sai na nemi wata dabara mai kama da wannan. Na daina zana gaɓoɓinta, na koma zana sararin da ke tsakaninsu. Akwai ɗan fili mai kusurwa uku tsakanin damtsenta da cinyarta da gefen cikinta. Akwai wani a ƙarƙashin kujerar, tsakanin ƙafafunta na itace. Akwai wani tsakanin haɓarta da kafaɗarta in ta sunkuya. Waɗannan filaye ba su da suna, ƙwaƙwalwa ba ta haddace siffarsu ba, saboda haka ba ta iya yi mini ƙarya a kansu. In sun fita daidai, gaɓoɓin da suka kewaye su ba su da zaɓi. Na kuma ari dabarar magina: na ɗaura ɗan dutse a zare na sake shi a gabana, na rufe ido ɗaya, don in ga me ke saitin me daga sama zuwa ƙasa. A nan na gano cewa kunnen Iya a saitin gwiwarta yake, ba a saitin ƙugunta ba kamar yadda nake ta yi. Ta ga ina lilo da dutse a gabanta, ta tsayar da curi ta ce, "Au, abin ya kai ga tsibbu? In mallake ni za ka yi ka faɗa mini, ai ni taka ce tuntuni."

Wajen zane na goma ma'auni ya daidaita. Kowace gaɓa tana inda ya kamata. Ina ta jin kaina, sai ƙanwata 'yar aji biyar ta leƙo ta ce, "Yaya, Iya ba zama ta yi ba, ɗora ta aka yi." Na so in kore ta, amma da na sake dubawa sai na ga abin da take nufi. Tsohuwar tana shawagi a saman kujerar kamar an manna ta da gam.

Wannan ita ce matsalar da ta fi ɗaukar mini lokaci, kuma ita ce ainihin zanen zama. Mai tsayuwa shi ke ɗauke da nauyinsa, mai zama kuwa ya miƙa shi ga wani abu, kuma dole a ga inda ya miƙa shi. Nama yana bajewa ya ɗan zubo ta bakin kujera. Zani yana matsewa a nan ya tattare. Inuwa mafi duhu a duk takardar tana daidai inda jiki ya haɗu da itace, da inda tafin ƙafa ya danne ƙasa, siririya ce amma in babu ita mutum ya tashi sama. Kafaɗu suna saukowa, wuya yana ɗan nutsewa, ciki yana ninkewa. Sannan ba wanda ke raba nauyinsa daidai wa daida. Iya a kan ɓarinta na hagu take zama, saboda hannun dama ke zirga-zirga tsakanin ƙwarya da faifai, don haka kafaɗarta ta hagu ta fi ta dama sauka, kanta kuma ya karkata ya rama. Shekaru sama da ashirin ina ganin matar nan kullum, ban san a karkace take zama ba sai da fensir ya tilasta ni.

Wuri ɗaya ne ban taɓa gani sosai ba: ƙafarta ta hagu. Daga inda nake zama kullum ƙwarya ce ke kare ta, ko gefen zani. Sai na riƙa yin ta da ka, ina cewa wata rana zan zagaya in duba.

Sai maganar sutura. Littattafan Turawa daga tsiraici suke fara koyarwa, su ce sai ka san jiki kafin ka sa masa riga. Mu wannan ƙofar a rufe take, kuma ban yi baƙin cikin rufuwarta ba. Sai dai dole ka koyi karanta jiki ta bayan tufafi. Abin da na fahimta shi ne yadi ba ya ninkewa haka kawai. Duk inda ka ga ninki ya taso, akwai ƙashin da ya tokare shi. Zanin mai zama kamar rumfa ne a kan sanduna biyu, gwiwoyi su ne sandunan, daga nan kowane layi ke fita, a tsakaninsu kuma yadin ya yi kwari. Babbar riga ta fi ruɗarwa, domin tana iya mai da ramamme basamude, amma ita ma tana tona asirin kafaɗa da gwiwar hannu da gwiwar ƙafa. In ka samu waɗannan tsini shida, ka samu mutumin. Na sayi ƙaramin littafi na riƙa yawo da shi, tasha, majalisar masu shayi, ƙofar asibiti, ina satar zaman mutane a minti biyu kafin su motsa. Ba na yin fuska, lokaci ba ya isa.

A wannan yawon ne abin ya tashi daga zane ya koma mini wani karatu. Ku je fada ranar gaisuwar salla ku tsaya daga nesa, inda ba ku jin abin da ake faɗa. Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Faruk Umar Faruk, wanda ke kan gado tun 2007, yana bisa karaga. Hakimai da masu sarauta suna ƙasa a harɗe, rawuna a jere. Dogarai suna tsaye. Wanda ya zo gaisuwa ya zube ya gurfana. Ko baƙon da bai san sunan kowa ba, tsayin kawuna kaɗai ya isa ya gaya masa wane ne wane. Akwai kuma al'adar nan ta fadojin ƙasar Hausa da dogarai ke baza manyan rigunansu su yi wa sarki labule in zai zauna ko zai miƙe. Ana ganin sarki a tsaye, ana ganin sa a zaune, amma ɗan tsakanin nan da kowane ɗan Adam ke sunkuyawa ya dafa ya gyara riga, ba a bari a gani. Waɗanda suka ƙago wannan sun san abin da ni sai da na ɓata takardu kafin na sani, wato jiki yana magana a lokacin zama fiye da kowane lokaci.

Ku tuna hoton marigayi Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa, wanda ya zagaya a 2019, yana zaune a kushin ba takalmi yana sakace. Bai ce komai ba a hoton. Amma masoyansa suka ce ku dubi sauƙin kai, masu adawa suka ce ku dubi halin ko-in-kula, aka kwashe kwanaki ana kai ruwa rana a kan yadda dattijo ɗaya ya zauna. Haka kuma akwai wani mutum-mutumin magatakardan Masar da aka haƙo a Sakkara a 1850, yana gidan tarihi na Louvre a Faransa, shekarunsa sun kai wajen 4,500. A harɗe yake, ya ja zanensa ya yi tauri a kan gwiwoyinsa ya mai da shi tebur, takarda a kai, yatsun dama a haɗe inda alƙalami yake a da, har ɗan tumbin mai zaman wuri ɗaya an fitar masa. Ranar da na ga hotonsa na ce ai na san mutumin nan. Kowane zaure a Daura da ake rubutun allo akwai irinsa.

To mu da muke da harshen da ya ware wa kowane zama sunansa, me ya kai mu ga "ya zauna" sau tara? Wanda ya zo neman rance ɗosana mazaunai yake yi a bakin kujera, a shirye ya miƙe in an ce babu. Mai gidan kuwa ya hakimce. Amarya a gaban uwar miji raɓewa take yi ta takure, ko ta durƙusa ba ta zauna ba sam. Yaron da ya yi laifi ya rakuɓe a jikin bango. Wanda aka yi wa mummunan albishir ya yi zaman 'yan bori. Mai jiran hakkinsa ya yi zaman dirshan. Akwai tsugunne, akwai gurfane, akwai kishingiɗe, akwai miƙe ƙafa, akwai zaman tahiya, akwai wanda ya zabga tagumi. In saurayi ya shiga gaida surukinsa ya harɗe ƙafa a kan kujera, ba sai marubuci ya ƙara mana sakin layi yana bayanin cewa ba shi da kunya ba. Ba ina cewa a bi kowane zama da kwatance ba ne, wannan ma wata cutar ce, kuma na san waɗanda ke fama da ita. Sau bakwai cikin tara "ya zauna" ta wadatar. Sauran biyun ne nake jin haushin yadda muke zubar da su.

Bari in koma gida, domin akwai ɓangaren da ya fi wannan nauyi.

Baffana, yayan babanmu, ya ga takardun a kan tabarma wata la'asar. Bai yi faɗa ba, kuma da faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya kira ni zaure ya ce, "Ɗana, ka san abin da aka faɗa a kan masu yin surar mai rai?" Na ce na sani, Baffa. Ya ce, "To ni tsoro nake ji maka. Uwata ce, na fi ka son in riƙa ganin ta. Amma ba na son ka saya mini wannan da lahirarka." Na fito jikina a sanyaye. Mako uku ban taɓa fensir ba.

Daga baya na je wurin wani malami da muke karatu a gabansa na zayyana masa komai. Ya ce mini malamai sun yi saɓani. Akwai waɗanda suka hana kowace irin surar mai rai, a takarda ko a sassaƙe, kuma hadisan da suka dogara da su masu tsananin gargaɗi ne, ba abin wasa ba. A mazhabar Malikiyya kuwa, abin da aka haramta kai tsaye shi ne sura mai jiki, wadda take da inuwa kuma gaɓoɓinta cikakku; wadda aka zana a shimfiɗe a kan takarda makaruhi ce, barin ta ya fi. Wasu kuma sun sauƙaƙa in an bar fuskar a shafe, ba ido ba hanci ba baki. Ba fatawa nake ba kowa ba, abin da aka gaya mini nake faɗa, kowa ya tambayi malaminsa. Ni dai na ɗauki ta ƙarshen. Na koma wurin Baffa na ce zan ci gaba, amma ba zan yi fuska ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah Ya shirye mu baki ɗaya." Ban san ko yarda ce ko haƙuri ba, ban kuma matsa ba.

Don kada in yi wa kaina ado, akwai wata gaskiyar. Fuskar Iya ta daɗe tana gagara ta. Ba ta minti ɗaya ba ta yi magana ba, kuma duk fuskar da na yi mata sai ta fito kamar ta katin zaɓen nan. Saboda haka da na samu dalilin barin ta, ban ji zafin da ya kamata mai sadaukarwa ya ji ba. Har yau ina tambayar kaina nawa ne tsoron Allah a cikin shawarar, nawa ne gudun wahala.

Na ƙarshen na yi shi a kan babbar takarda, cikin kwana shida, bayan damina ta ɗauke. Kallabi, sai fili fari inda fuska take, sai kafaɗar hagu a sauke, bayan nan a lanƙwashe, hannuwa biyu a cikin ƙwarya. Gwaggonmu da ke aure a Zango ta zo ganin gida, ba ta san ma ina zane ba. Ta shigo ɗakina neman caja, ta hango shi jingine a bango, ta tsaya cak ta ce, "La ilaha illallahu, Iya!" Ta matsa kusa, sai a lokacin ta lura babu fuska. Ta juyo ta dube ni kamar na yi mata wayo.

Iya ba ta ga wannan zanen da wuri ba, domin a hunturun nan ne gwiwoyinta suka ƙi. Dama sun daɗe suna yi mata gargaɗi, tana shafa man zafi tana cewa sanyi ne. Wata safiya ta sauka kan kujerarta ta kasa tashi, sai da mutum biyu suka ɗaga ta. A asibiti aka ce gaɓoɓin sun goge, kada ta ƙara zama a abin da ya gaza tsayin gwiwarta. Aka sayo mata farar kujerar roba mai hannu. Tana nan gindin bedin har yanzu, wuri ɗaya, amma ƙwarya ba ta zama a cinya a kan kujerar roba, ga hannun kujerar yana tare mata gwiwar hannu. Curi ya koma wurin matar Baffa. Iya ta ce tun da aka ɗora ta a kan abin nan ji take kamar mai jiran layin ganin likita a cikin gidanta. Na gwada zana ta a haka sau ɗaya na bari. Ma'auni ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, shida cif kamar yadda littafi ya ce, amma kowace tsohuwa ce.

Sai bayan ƙaramar salla na kai mata shi. Ta goge hannu a zani duk da babu gari, ta karɓa, ta daɗe tana kallo. Ba ta yi maganar fuskar ba ko kaɗan. Can ta ce, "Wannan kam ni ce, maigida. Na fasa yajin." Sai ta ɗora yatsa a ƙasan takardar. "Amma ƙafar nan ta hagu, ba haka nake ajiye ta ba."

Na ce, "To yaya kike ajiye ta, Iya?"

Ta buɗe baki za ta faɗa, ta rasa ta inda za ta fara. Ta gwada da hannuwa biyu, ɗaya a matsayin ƙafa ɗaya a matsayin kujera, bai yi ba. Ta ce wa ƙanwata, "Ke, ɗauko mini kujerata." Aka zaro ta daga ƙarƙashin gado, aka kaɗe ƙura, aka ajiye a gabanta. Ta dafa hannun kujerar roba ta ɗan ɗago, ta dubi 'yar tsugunnon a can ƙasa, ta dube ta sosai. Sannan ta koma ta jingina ta ce, "Mayar. Sai gobe, yau rana ta yi."

Na tambayi kowa a gidan. Babanmu ya ce tanƙwashe ta take yi ta baya. Matar Baffa ta ce a'a, miƙe ta take yi ta tokare ƙwarya da ita. Gwaggo a waya ta ce dunduniyar tana jingine da ƙafar kujera. Ƙanwata ta hau kujerar ta kwaikwaya iri uku, Iya tana kallo tana girgiza kai a kowanne. Na goge ƙafar na sake ta sau huɗu, takardar ta fara yin laushi a wurin har haske na ratsa ta, sai na daina taɓawa.